Babi na Shida: Ai Mun San Zai Aure Ta

A ƙasar Roni, Disamba wata ne na sauke gajiya. Gero da dawa sun shiga rumbu, an rore wake, an kaɗe riɗi, karan da ya rage a gona ya zama na masu shanu. Hunturu kan sauko ta kan duwatsun garin da hazonsa, magariba ta yi saurin faɗuwa, kafin a watse daga sallar isha'i titi ya yi tsit, in ban da teburin mai shayi. Samarin da za su ci rani a Kano ko Legas sun fara tafiya, waɗanda suka rage kuwa da yawansu biki ne ya tsayar da su, don sai bayan kaka aljihun manomi ke iya ɗaukar sadaki da lefe. Dare ya yi tsawo, aiki ya yi sauƙi. Lokacin kallo ke nan.

Shekarun baya kallon na gidan mai janareto ne. A fito da talabijin tsakar gida a ɗora kan benci, a jona bidiyo, yaran unguwa su cika tabarmi har bakin zaure. Yanzu abin ya koma cikin waya. Da rana an aiki yaro da memori shagon masu tura finafinai, ya biya 'yan canji an cika masa, ya biya ta wurin mai caji ya karɓo wayar. Da dare a jingina ta da kwanon sha, a jawo kaskon garwashi, mata huɗu ko biyar su kewaye ɗan allon, kowa ta ja zane ta rufe ƙafa. Ba a yi minti goma da farawa ba tsohuwar gidan za ta nuna allo da haɓa.

"Wannan mai baƙar motar shi uban ke so, ko?"

"Shi ne, Goggo."

"To wahalar banza yake. Wancan malamin makarantar ne mijinta."

Ta faɗi daidai, kuma kowa a ɗakin ya san ta faɗi daidai, amma ba wadda ta motsa. Can sai yayan 'yan matan ya leƙo neman abincinsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ku dai ba kwa gajiya. Fim ɗin da an riga an san ƙarshensa?" Goggo ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Da ban san ƙarshensa ba ai da ban zauna ba. Wa zai saka min hawan jini da daren nan?"

Ana iya ɗaukar amsar a matsayin bakin tsofaffi kawai. Sai dai a wata nahiyar an gina babbar kasuwa a kanta.

A Amurka akwai tashar talabijin mai suna Hallmark Channel, mallakar kamfanin Hallmark wanda ya fara da sayar da katunan gaisuwa a Kansas City tun 1910. Daga 2009 tashar ta mayar da ƙarshen shekara kakarta. Tun ƙarshen Oktoba har a shiga sabuwar shekara, finafinan soyayya na Kirsimeti take nunawa dare da rana, kuma a wasu shekarun sababbin da kamfanin ya fitar sun kai 40 ko kusa da haka. Tashar Lifetime ta bi sahu, daga baya Netflix ma ta shigo.

Labarin kusan guda ne. Wata budurwa ce mai babban aiki a New York ko Chicago, kullum waya a kunne, ba ta da lokacin kowa. Ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti sai wani dalili ya kai ta ƙaramin garin da aka haife ta: ko gidan burodin kakarta na neman durƙushewa, ko kamfaninta ya turo ta ta saye wani tsohon masaukin baƙi a rushe shi. A can ta yi kiciɓis da wani mutum mai sanyin hali, kafinta ko mai gonar itatuwan Kirsimeti, sau da yawa matarsa ta rasu ta bar masa ƙaramar yarinya mai surutu. Haɗuwar farko faɗa ne. Daga nan a yi ta haɗuwa wajen gasa biskit da rataya wa bishiya fitilu. Ana dab da tashi a samu rashin fahimta, ta haɗa jakarta za ta koma birni, wani dattijo mai farin gemu ya faɗa mata magana biyu, ta fasa. Ƙanƙara ta fara sauka, su sumbaci juna sau ɗaya tak, sunaye su hau allo.

Yadda ake yin su ma abin ji ne. Yawanci cikin mako uku ake ɗauke fim guda, a kan kuɗin da ba su cika wuce dala miliyan 2 ba, abin da a Hollywood bai kai a kira shi jari ba. Da yawansu ma ba a Amurka ake ɗauka ba, a Kanada ne, musamman kewayen Vancouver, saboda rangwamen harajin da ake yi wa masu fim a can. Kuma sau da yawa a tsakiyar lokacin zafinsu ake aikin, don fim ya kammala kafin Disamba. Farin da ake gani a ƙasa niƙaƙƙiyar ƙanƙara ce da aka kawo a mota, da kumfa, da farin bargo da aka shimfiɗa kan ciyawa. Jaruman na cikin manyan rigunan sanyi, gumi na tsatstsafo musu, mai kwalliya na binsu tana gogewa. Fuskokin ma su ne dai kullum: Lacey Chabert kaɗai ta fito a finafinan Hallmark sama da 30. Wanda ya san yadda ake fim a Kano, inda falo ɗaya a Nassarawa zai zama falon Alhaji a fim goma, ba abin da zai ba shi mamaki a nan.

Masu raina irin wannan kallo a can ma ba su ƙare ba. A Disambar 2017 Netflix da kanta ta yi wa masu kallonta shaguɓe a Twitter, ta ce akwai mutum 53 da suka kalli fim ɗinta A Christmas Prince kullum har kwana 18 a jere, tana tambayar wa ya ɓata musu rai haka. Mutane suka yi mata caa, wasu don an leƙa sirrinsu, wasu don an mayar da su abin dariya. Hakan bai hana kamfanin yi wa fim ɗin na biyu da na uku ba, a 2018 da 2019. Labarin wata 'yar jarida ce da ta shiga fadar wata ƙagaggiyar ƙasa da sunan malamar gida, yarima ya kamu da sonta. Mu da muka ga Sangaya a 1999, inda Zubaina 'yar aikin gidan sarauta ta ƙare a ɗakin Maina, mun riga su da shekara 18.

Kirsimeti ba baƙuwa ba ce ɗungurungum a Roni. Tun zamanin Turawa 'yan mishan na SIM suka kafa tasha da makaranta a garin, kuma har yau akwai Hausawa Kiristoci a yankin da ke bikinsu da shinkafa da nama da sabon ɗinki. Amma bikin nasu bai haifi irin wannan fim ba, kuma saukar ƙanƙara ba ta da abin da za ta tuna wa mutumin Zugai ko Amaryawa. Abin da ya yi daidai da finafinan Hallmark a wurinmu shi ne fim ɗin soyayya na Hausa, wanda 'yan masana'antar ke kira santimental don bambanta shi da camama irin ta su marigayi Ibro, sai kuma yayan santimental ɗin, fim ɗin Indiya. Kakar kasuwar fim ɗin Hausa kuma Sallah ce. A zamanin kaset da sidi furodusa mai wayo yakan ɓoye babban fim ɗinsa sai Sallah ta matso, lokacin da dillalan Ƙofar Wambai ke cika da 'yan sari daga garuruwa. Da sinima ta dawo a Ado Bayero Mall ma haka aka ci gaba da yi.

Tushen abin ya girmi bidiyo da nisa. Kwarori 'yan Lebanon masu gidajen sinima ne suka fara kawo finafinan Indiya arewa, suka ga sun fi na kaboyi da na Larabawa cika gida, suka riƙe musu wuta. A Kano, Palace da Plaza da Orion da Marhaba sun yi zamani. Mutane ba sa jin yaren, amma sun raɗa wa jaruman sunayen da suka dace da su: Dharmendra Sarkin Ƙarfi ne, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Sinima wurin maza ce, macen kirki ba ta zuwa. Talabijin ce ta kai wa mata abin har ɗaki. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirga cewa tsakanin 1977 da 2003 NTA Kano ta nuna finafinan Indiya sama da 1,000, kuma kada a manta har zuwa 1991, shekarar da aka ƙirƙiri Jigawa, Roni da Kazaure da Babura duk jihar Kano ne. Wani masani Bature, Brian Larkin, wanda ya zauna a Kano a shekarun 1990, ya lura cewa abin da ya ja Bahaushe shi ne ya ga mutane masu kunya irin tasa, masu tsoron fushin iyaye irin nasa, suna fama da tambayar da ke damunsa: wanda zuciya ke so, ko wanda gida ya zaɓa?

Tambayar ta sauko kan takarda kafin ta hau kaset. Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980. Shekara goma sha ɗaya bayan haka Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, wanda ya ratsa gidaje daga hannu zuwa hannu har bango ya cire: Sumayya 'yar masu hali tana son Muhammad talaka, gida na son Abdulƙadir mai kuɗi, har ta kai ga faɗawa rijiya kafin manya su saduda. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990 aka buɗe ƙofar fim ɗin bidiyo, kuma kafin shekara goma ta cika soyayya da waƙa sun mamaye kasuwar. Sangaya ta zo a 1999, Wasila a 2000, Ali Nuhu ya zama saurayin kowa. A 1999 ɗin ne mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji ta fara kiran masana'antar Kannywood. Daga baya su Algaita suka sa wa Indiyawa Hausa a baki, aka huta da ɗan unguwar nan da ya kalli fim sau bakwai yake fassara wa mutane abin da shi ma bai ji ba.

To, in an jera namu da nasu, abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne abin da ke tsaye tsakanin masoyan. A fim ɗin Amurka ba mai hana kowa komai. Uban yarinyar, in yana raye, murmushi kawai yake yana soya nama. Abin da ya hana ta aure yana cikin kanta: aiki ya cinye ta, ko an taɓa yaudararta tana tsoro. A namu kuwa shingen mutum ne mai suna da murya. Uba ne da ya yi wa amininsa alkawari tun tana goyo, ko kaka mai rantsuwa da nonon da aka sha, ko Alhajin da ya sauke buhunan shinkafa a ƙofar gida, ko gorin asali, a ce yaron ɗan wanzamai ne ko ba a san kakansa ba. Shi ya sa ƙarshen ma ya bambanta. Su in masoya biyu sun daidaita an gama. Mu kuwa da yaron fim zai ɗauke yarinyar su gudu Abuja su yi aure a kotu, da masu kallo sun ce an cuce su. Wurin da ɗaki ke yin shiru, har mai goyo ta daina jijjiga, shi ne inda uban zai sunkuyar da kai ya ce ya yi kuskure, ya kira yaron da ya kora ya ce ya turo magabatansa. Abin da ake jira tun farko ke nan: a samu wanda ake so ba tare da an rasa albarkar iyaye ba. A rayuwa sau da yawa ɗaya ake samu a bar ɗaya. Fim ne kaɗai ke ba da duka biyun a kan kuɗin cika memori.

Ko a kudu haka abin yake. Da Kunle Afolayan ya yi wa Netflix fim ɗin Kirsimeti a 2021, A Naija Christmas, bai kwafo ƙanƙara da kafinta ba. Uwa ya sa a tsakiya, marigayiya Rachel Oniga, tana matsa wa 'ya'yanta maza uku lamba su kawo mata surukai kafin biki.

Akwai wani bambanci da ya fi wannan ban dariya, kuma sai a gari irin Roni ake ganinsa sosai. Mafarkin fim ɗin Hallmark shi ne ƙaramin gari: inda kowa ya san kowa, inda mai shago ya san sunan kakarka, inda in ka yi rashin lafiya maƙwabta za su cika gidan. Ba'amurken da ke zaune shi kaɗai a bene na ashirin, bai san sunan na kusa da ƙofarsa ba, wannan yake kunna talabijin ya gani. Wato abin da mutumin Roni ke da shi kyauta, har wani lokaci ya ishe shi, don garin da kowa ya san kowa shi ne garin da kowa ya san wanda ya zo zance wurin 'yarka jiya da abin da ya kawo. Shi kuma namu fim ɗin kullum hanyar birni yake nunawa: get mai maigadi, falo mai kujerun alfarma, firji cike da lemo, yarinya kwance kan gado tana waya ba mai cewa ta tashi ta ɗebo ruwa. Jarumarsu tana gudun gidan da tamu ke addu'ar shiga. Kowa dai abin da ba shi da shi yake biya a nuna masa.

Amma har yanzu ba a amsa wa yayan nan na bakin ƙofa ba. In an san ƙarshen, mene ne abin kallo?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a Kazaure ya san amsar. Ba wanda ke zuwa don ya gano ko Sarki zai fito. An san zai fito, an san hakiman da za su gabace shi, an san hanyar da za a bi. Ana zuwa ne a ga dokin wa ya fi ado bana, zugar wa ta fi cika, wa ya iya zama kan sirdi. Sanin tsarin shi ke ba ido damar kallon ƙananan abubuwa. Haka mai kallon fim ɗin soyayya: tunda hankalinta ya kwanta game da ƙarshe, sai ta lura da ɗinkin jarumar, da yadda uwar miji ta harari tiren abinci, da baƙar maganar da kishiya ta yaɓa wadda za a yi ta maimaitawa a gidan biki har wata guda. A 2011 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu a Jami'ar California da ke San Diego, Jonathan Leavitt da Nicholas Christenfeld, sun ba ɗalibai gajerun labarai su karanta, wasu an faɗa musu ƙarshen tun farko, wasu ba a faɗa ba. A mafi yawan labaran, waɗanda aka tona wa ƙarshen sun fi jin daɗin karatun. Kakanninmu ba su jira wannan bincike ba. Yaron da ke cewa a sake masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ya san Gizo zai sha kunya, kuma in mai bayarwa ta kuskura ta canza wani wuri, shi zai fara gyara mata.

Sai kuma abin da ba ya cikin fim ɗin sam, yana cikin zaman. Wata malama Ba'amurkiya, Janice Radway, ta fitar da littafi a 1984 kan matan aure masu karanta littattafan soyayya a wani gari na ƙasarsu. Abin da matan suka fi nanata mata shi ne, ɗaukar littafin wata hanya ce ta shaida wa miji da yara cewa wannan lokacin nasu ne, kada a taɓa su. Matar da ta tashi tun asuba, ta hura wuta, ta yi surfe, ta kai niƙa, ta sallami 'yan makaranta da 'yan talla, ta tuƙa tuwon mutum goma sha biyar, ba ta neman fim ɗin da zai ba ta aikin tunani. Rayuwarta cike take da abubuwan da ba a san ƙarshensu ba: kuɗin taki, zazzaɓin yaro, ko maigida zai aiko daga ci-rani, ko maganar ƙarin auren nan da ake raɗe-raɗi gaskiya ce. Awa biyu da aka yi mata alkawarin komai zai daidaita ba ƙaramin abu ba ne, kuma mai yi mata gori a kai yawanci bai taɓa tuƙa tuwon mutum goma sha biyar ba.

Wannan ba ya nufin finafinan ba su da laifi. Sai dai laifin da aka fi ɗora musu ba shi ne babba ba. Tun da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Kano a 2001, da tsanantawar da aka yi daga 2007, zargin dai ɗaya ne: suna ɓata tarbiyya, suna koya wa yara rawa da bijire wa iyaye. Ana iya muhawara kan rawar. Amma labarin da ba ya ƙarewa sai an shafa fatiha a gaban waliyyai, wanda namiji da mace ba sa ko riƙe hannu a cikinsa, da wuya a kira shi makarantar tawaye. Ta wannan fuskar ma sun yi kama da na Hallmark, waɗanda su ma suke da dokokinsu na kauce wa batsa da ashar don a iya kallo da yara.

Laifin da ni nake gani shi ne na kuɗi. Ka lura da malamin makarantar nan da Goggo ta ce shi ne mijin. Kafin a ɗaura auren, wani abu zai faru: ko a gano ɗan wani attajiri ne da ya ɓata tun yana jariri, ko ya samu kwangila, ko wani Alhaji ya ɗauke shi manajan kamfani saboda ya tsinci jakar kuɗi ya mayar. Fim ɗin ya shafe awa biyu yana cewa so ya fi dukiya, a minti biyar na ƙarshe ya kawo dukiyar ya ajiye. Da wuya ka ga an tashi fim amarya na murna a ɗakin ƙasa mai labule ɗaya. Yarinyar da ta girma tana ganin haka, ta ga akwatunan lefe a jere har ba a ƙirgawa, ba a yi mata adalci ba ranar da za a kai ta gidan manomi mai kirki wanda abin hawansa babur ne. Sannan duk labaran a bakin ƙofar ɗakin amarya suke tsayawa, a ƙasar da zawarawa suka yi yawa har gwamnatoci ke shirya auren gata. Abin da ke faruwa bayan 'yan kai amarya sun watse sai ka koma wurin irin su Balaraba Ramat Yakubu, wadda Alhaki Kuykuyo Ne nata ya fara daga inda waɗancan ke ƙarewa, da matar da aka kora da 'ya'yanta bayan an yi mata amarya. Littafin ya fito da Turanci a 2012, kuma wani kamfanin ɗab'i na Indiya ne ya buga shi, abin da ya yi daidai da tarihin nan namu.

Akwai kuma lalaci, wanda bai kamata a ɓoye shi a bayan cewa ai masu kallo haka suke so ba. Sanin ƙarshe bai ba darakta izinin ya bar mota ta yi minti uku tana shiga get ba, ko a yi gaisuwa tun daga lafiyar gida har ta dabbobi don kaset ya cika a samu na ɗaya da na biyu. Masu kallo sun san bambanci. Cikin ɗaruruwan finafinan da aka yi a kan labari guda, 'yan kaɗan ne ake tunawa da sunansu bayan shekara ashirin, kuma ba don ƙarshensu ya bambanta ba ne.

Abin da ya canza lissafin duka shi ne mutuwar kasuwar sidi. Satar fasaha da tura fim a waya sun karya dillalai, furodusa ya rasa inda zai mayar da kuɗinsa. Arewa24 ta buɗe a 2014, Daɗin Kowa ya nuna cewa Bahaushe zai iya bin labari mako-mako har shekaru, Kwana Casa'in ya biyo baya a 2019. A 2020 Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka tabbatar cewa fim mai dogon zango ne sabuwar kasuwa, a talabijin da YouTube. A wannan kasuwar talla ke biya, talla kuma yawan masu dawowa kallo take bi. Ranar da aka ɗaura aure aka ce an gama, ranar kuɗi ya tsaya. Don haka ba a ɗaurawa. Ana saura kwana biyu biki a sace amarya, ko ango ya yi haɗari ya manta kowa, ko wata tsohuwar takarda ta fito daga akwati. In jaruma ta yi fushi ta bar shirin a kawo wata a ci gaba da kiranta da sunan, kamar yadda aka yi da Sumayya ta Labarina bayan tafiyar Nafisa Abdullahi.

Wasu daga cikin shirye-shiryen nan sun fi tsofaffin finafinan kyawun hoto da sauti da rubutu nesa ba kusa ba, ba mai musun wannan. Sun kuma jawo maza, tunda yanzu akwai abin yin musu a majalisa da teburin mai shayi, ana cacar baki kan abin da Umar Hashim na Izzar So zai yi mako mai zuwa kamar ana maganar Arsenal. Amma sun karya alkawarin da aka gina sana'ar a kansa. Kamfanin Hallmark ya sauya abubuwa da yawa cikin shekarun nan, ya ƙara baƙaƙen fata a jarumansa, ya faɗaɗa irin labaran, amma fim ɗinsa na Kirsimeti har yau a zama ɗaya yake ƙarewa, kuma yadda aka zata. Mu kuwa matan da suka riƙe masana'antar tun zamanin kaset, da kuɗin adashi da na ƙuli-ƙuli, an mayar da su masu kwana da zullumi daga Juma'a zuwa Juma'a. Da yawansu sun koma fassarar Indiya, don shi Ba'indiye, ko zai kai awa uku, ko rabin fim ɗin duka ne da kifewar motoci, ba ya tashi bai aurar da yarinyar ba.